Daga Gusau Aka Fara: Tarihin Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato

Jirgin ƙasa ne ya share wa Cocin Katolika hanya zuwa ƙasar Zamfara. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya dire Ƙaura Namoda a 1929, sai ga akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga daga Kudu sun cika Sabon Gari. Da yawansu 'yan Katolika ne, amma ba su da limamin kansu. Fada-fadan ƙungiyar mishan ta SMA ne ke leƙo su jefi-jefi, su yi Misa, su yi wa jarirai baftisma, su ɗaura aure, su koma.

A 1953 Fadar Paparoma ta yanke Lardin Sakkwato da Lardin Katsina daga Kaduna, ta mai da su yanki mai zaman kansa, ta damƙa shi ga 'yan ƙungiyar Dominika na Shikago a Amurka. Ƙasa ce mai faɗin gaske: daga Yawuri a bakin Kwara har Daura, da Anka da Gummi da Bukkuyum duk a ciki. Fada Edward Lawton aka naɗa shugaba a 1954, kuma a Gusau ya fara zama, domin nan ne jirgi ke tsayawa, nan ne jama'ar suke. A 1956 sistoci suka iso daga Great Bend ta jihar Kansas, suka kama aikin jinya da haihuwa da koyarwa. A 1964 aka ɗaga yankin ya zama cikakken dayosis, Lawton ya zama bishop na farko.

Wanda tarihin nan ya fi rataya a wuyansa shi ne Fada Michael Dempsey. An haife shi a Providence ta Amurka a 1912, aka naɗa shi fada a 1942, kuma yana cikin 'yan Dominika uku na farko da suka sauka Legas a 1951. Ya daɗe yana riƙe da cocin St. Dominic a Yaba kafin a turo shi Gusau a 1965 ya kula da cocin Our Lady of Fatima. Ya tarar da majami'a cike maƙil ranar Lahadi, da makaranta, da ƙungiyoyin maza da mata.

Shekara ɗaya kawai wannan ya ɗore.

Rikicin 1966 ya kori 'yan ƙabilar Ibo daga garuruwan Arewa, kuma su ne ƙashin bayan cocin. Kujeru suka zama wayam, malaman makaranta suka tafi, baikon da ake tarawa ya ƙafe. A watan Disamba na shekarar Bishop Lawton ya rasu. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Paparoma Paul na Shida ya ɗora wa Dempsey rawanin dayosis ɗin da kusan babu kowa a cikinsa. A ganina a nan ne ainihin kafuwar dayosis ɗin take, fiye da takardar 1953. Dole ta sa aka gane cewa cocin da ya dogara ga baƙi kaɗai, ranar da baƙi suka ɗaure kaya shi ma ya tashi. Sai hankali ya koma ga 'yan ƙasa: Maguzawan Malumfashi da Kafur, da ƙabilun yankin Yawuri, da Kiristocin da suka zo aiki daga kudancin Zariya da Filato. Hausa ta samu wurin zama a Misa da waƙa da wa'azi, sauyin da babban taron Vatican na Biyu ya riga ya buɗe wa ƙofa. A Malumfashi aka riƙa horar da katikis, wato malamin da ke zaune cikin jama'a yana koyar da addini.

Duk wanda yake son fahimtar aikin fada a wannan ƙasa, ya dubi katikis. Fada ɗaya kan riƙe babban coci a gari tare da ƙananan majami'u barkatai a ƙauyuka, wasu sai an yi tafiyar rabin yini. Ba ya iya zuwa kowace Lahadi. Katikis ne ke buɗe ɗakin sujada, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya shirya masu neman baftisma, ya yi jana'iza idan fada ya yi nisa. Ranar da fada ya iso, aikin wata guda ke jiransa: ikirarin zunubi, Misa, sulhun ma'aurata, shafa wa marar lafiya mai, wani lokaci har ɗaukar mai naƙuda a motarsa zuwa asibiti. A yammacin Zamfara, inda kusan kowa Musulmi ne, 'yan cocin galibi 'yan kasuwa ne da malamai da jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya, kuma zaman lafiyarsu yana tafiya ne da kyakkyawar gaisuwa tsakanin fada da sarki da maƙwabta.

Dempsey ya sauka a 1984, ya miƙa ragama ga Kevin Aje, ɗan Filato, ɗan Najeriya na farko a kujerar. A zamaninsa aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, kuma gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999. Sistocin Amurka kuwa sun bar magada: ƙungiyar sistocin Dominika ta St. Catherine, 'yan Najeriya, wadda Gusau ce mahaifarta.

Matthew Hassan Kukah ya karɓi ragama a 2011, ana tsakiyar jimamin gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bayanta ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye hanyoyin da fada ke bi zuwa ƙauye, kuma bai bar coci ba kamar yadda bai bar masallaci ba. A 2020 aka kashe Michael Nnadi, ɗalibin dayosis ɗin, wanda aka sace daga makarantar horar da fada-fada ta Good Shepherd a Kaduna. A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi.

Daga wannan yankin na Malumfashi ne kuma Gerald Mamman Musa ya fito. A Oktoban 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis, ya naɗa shi bishop ɗinta na farko. An keɓe shi a watan Disamba na shekarar, ya zama Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Cocin Katolika.