Daga Wuri Zuwa Kati: Tarihin Biyan Kuɗin Hanya a Arewacin Ƙasar Kano



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda matafiyi yake biyan kuɗin hanya, da kuma shawarar da ake yawan kawowa ta a haɗa biyan wuri guda, watau mutum ya biya sau ɗaya, ko da abu ɗaya, komai yawan abubuwan hawan da zai sauya. Zan ɗauki misalaina daga ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Ɗambatta, inda gona take manne da gona, ba a barin saura. Ra'ayina shi ne, wannan shawara tsohuwa ce a ƙasar nan, kuma amanar mai raba kuɗin ita ce ginshiƙinta.

Mu fara da manomi a wani ƙauye na Makoɗa wanda yake so ya kai buhunan wake kasuwar Dawanau. Zai biya ɗan acaɓa ko mai amalanke ya fitar masa da kayan bakin titi. Zai biya kuɗin mota, nasa daban, na kaya daban, a cikinsu kuwa har da la'adar ɗan kamasho. Idan ya sauka sai ya biya 'yan dako. In yana da wata buƙata a cikin birni, ga A Daidaita Sahu tana jiransa. Sau huɗu ke nan, kowanne da cinikinsa da rigimar canji, kuma bai san jimillar abin da zai kashe ba sai ya dawo gida.

A ƙarni na 19 lamarin fatake ba haka yake ba. Agalawa da Tokarawa da suka zauna a ƙauyukan ƙasar Kano sukan tashi ayari zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ta ƙasashen sarakuna iri-iri, kowanne da abin da yake karɓa, ga kuma kuɗin fito a bakin Kwara. Ba kowane falke ne yake tsayawa ciniki da kowane sarki ba. Madugu ne yake yin magana da yawun ayari duka, a tattara kuɗin daga fatake gwargwadon kayan kowa, sa'an nan a biya gaba ɗaya. Abin biyan kuwa wuri ne, wanda ake karɓa tun daga Kurmi har kasuwannin Gwanja. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri wajen 2,500. Ashe ke nan abu biyu ayari ya haɗa: kuɗi guda da kowa ya yarda da shi, da mutum guda da kowa ya amince masa. Madugun da ya ci amana kuwa, baɗi ba wanda zai bi shi.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya kawo sabon abu, watau tikiti, takarda guda mai farashi tsayayye wadda take kai mutum ko kayansa har Ikko. Amma ikon tikiti a tasha yake farawa, a tasha yake ƙarewa. Gyaɗar da ta cika taragun jirgi daga 1912, jakuna da raƙuma ne suka kawo ta daga ƙauyuka, kuma ladan mai jaki ba ya cikin lissafin reluwe. Har a shekarun 1960, binciken Michael Mortimore ya nuna jakuna ne suke shigar da itace birni, su fito da taki zuwa gonakin kewaye. Watau tun farko tsarin zamani ya ɗauki doguwar hanya, ya bar wa manomi ɗawainiyar guntuwar da ke tsakanin rumbunsa da tasha.

Da motoci suka yawaita, tasha ta samar da nata tsarin. Ɗan kamasho ne yake tara fasinja, ya karɓi kuɗi, ya cire la'ada, ya miƙa wa direba saura, ana bin layi wajen lodi. An kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, a 1978, ta riƙe wannan aiki. Za a iya cewa ɗan kamasho ƙaramin madugu ne, sai dai ikonsa bai wuce ƙofar tasharsa ba. Daga baya aka shigo da A Daidaita Sahu wajen 2005, aka kuma hana acaɓa a cikin birnin Kano a Janairun 2013, alhali a ƙauye babur ne ƙafar jama'a. Kowane sabon abin hawa ya zo da ƙungiyarsa da kuɗinsa, aka ƙara wa matafiyi wurin biya.

A wasu biranen an ɗinke wannan ɓaraka da kati. Landan ta fito da katin Oyster a 2003, wanda ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. Legas ta fito da nata a 2020, yana aiki a manyan bas da jiragen ruwa, da jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2023. Sunansa Cowry, ma'anarsa wuri. Amma a lura, bayan kowane kati akwai hukuma guda mai karɓar kuɗin, ta lissafa rabon kowane mai abin hawa, ta biya shi. Aikin madugu ke nan aka mayar ofis.

Abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, ya isa darasi. Takardar kuɗi ta yi ƙaranci, direbobi da yawa suka ƙi karɓar kuɗi ta waya, domin wanda zai sha mai yanzu, ya kai wa mai mota nasa da yamma, ba ya iya jiran saƙon da bai shigo ba. Mutumin ƙauye ya fi kowa jin jiki.

To, a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Tambayar da aka bari a 1911 za ta sake tasowa. Ga ma'aikatan da za su tsara biyan kuɗi, tarihi yana ba da sharuɗɗa uku. Na farko, a lissafa kaya tare da mutum, domin manomi ba ya tafiya hannu rabbana. Na biyu, ɗan acaɓan ƙauye da mai motar kasuwa su sami rabonsu a ranar da suka yi aiki. Na uku, a zauna da ƙungiyoyin tasha tun farko, a bayyana wa kowa yadda ake rabon. In an cika waɗannan, manomin Makoɗa zai san kuɗin tafiyarsa tun kafin ya ɗaure buhu. In ba haka ba, katin zai tsaya a birni.