"Kai kaɗai ne": yadda tambaya a rubuce ta tona asirin gidan wayar Ingila

 Yau za mu ɗauko tarihi ne daga nesa, daga Birtaniya, amma duk wanda ya taɓa riƙe kes ɗin wani, ko yake da ɗa a shagon aika kuɗi, zai ji kamar a ƙofar gidansa aka yi shi.

A can, yawancin ƙananan rassan gidan waya ba ma'aikatan gwamnati ke riƙe da su ba. Masu shago ne na ƙauye da unguwa, sun sa hannu da hukumar gidan waya a kan cewa in kuɗi ya yi giɓi, su za su cika daga aljihunsu. A 1999 aka fara girka musu wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna Horizon, aikin kamfanin Fujitsu na Japan. Daga nan fa giɓi ya fara fitowa inda ba a ɗauki ko sisi ba. Mutum ya ƙirga kuɗinsa cif, na'ura ta ce da saura.

In ya kira hukuma yana kuka, amsar da mutane da yawa suka ce an ba su ɗaya ce: kai kaɗai ke da wannan matsala. Kuma hukumar ita ce mai bincike, ita ce mai shigar da ƙara. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900, kusan 700 daga ciki hukumar ce da kanta ta kai su kotu. Seema Misra, a 2010 aka yanke mata wata 15 a gidan kaso tana da juna biyu. Lee Castleton ya ƙi yarda da giɓin kusan fam 25,000, ya faɗi shari'a a 2007, aka ɗora masa kuɗin kotu fam 321,000, ya karye. Alan Bates na yankin Wales ya ƙi sa hannu a lissafin da bai yarda da shi ba, a 2003 aka ƙwace masa reshe.

To me ya sa abin ya daɗe haka? Saboda adadin yana hannun hukuma ita kaɗai. Kowa na cikin kunyarsa, bai san maƙwabcinsa na cikin irinta ba. Sai a 2009 mujallar Computer Weekly ta buga labarin mutum bakwai, kuma a shekarar Bates ya tara waɗanda abin ya shafa a ƙauyen Fenny Compton, suka kafa ƙungiya. Ranar da suka ga juna, maganar "kai kaɗai ne" ta mutu.

Ɗaya daga cikin makamansu ita ce dokar ƴancin samun bayani ta 2000, wadda ta fara aiki sosai a 2005. Dokar ta ce kowa na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 20 na aiki. Gidan waya mallakar gwamnati ne, don haka dokar ta hau kansa. Ƴan jarida da mutanen gari suka dinga aika tambayoyi: mutum nawa kuka kai kotu? A wace shekara? Wa ya ba da umarni? Wani lokaci a ja musu rai, wani lokaci a ƙi, su sake rubutawa.

Mutum 555 suka haɗu suka kai ƙara. A 2019 alƙali Fraser ya tabbatar cewa Horizon na da kurakuran da ke iya haifar da giɓin ƙarya, kuma ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa, abin da hukuma ta daɗe tana musantawa. An sasanta a kan kusan fam miliyan 58, amma mafi yawansa ya tafi a kuɗin shari'a. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana guda.

Ko bayan haka, tambaya ba ta gama aikinta ba. A Mayun 2023 wata mai fafutuka, Eleanor Shaikh, ta samo ta wannan doka wata takarda da masu binciken gidan waya ke amfani da ita wajen rarraba waɗanda ake zargi bisa launin fata, har da kalmar cin mutunci ga baƙar fata. Hukuma ta ba da haƙuri. Abin mamaki, kwamitin bincike na Sir Wyn Williams, da duk ƙarfinsa, ba a miƙa masa takardar ba sai da wasiƙar mace ɗaya ta fito da ita. A Mayun 2024 majalisa ta yi dokar da ta soke ɗaruruwan hukunce-hukuncen gaba ɗaya. Sai dai wasu sun riga mu gidan gaskiya da tabon sata a sunansu.

Mu dawo gida. Yau daga Magarya har bakin iyakar Maigatari, samari da yawa na cin abinci da aika kuɗi da karɓarsa ta waya. In kes ta ƙi cika da yamma, wa ake fara kallo? Yaron shago. Babu mai cewa a binciki na'ura ko rezo. Ba mu ce ba a sata ba, ana yi. Amma na'ura ba ta rantsuwa da Alƙur'ani, kuma tana kuskure.

Mu ma muna da doka. A Nijar akwai doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairun 2011 kan samun bayanan gwamnati da takardun hukuma, Najeriya ma ta yi tata a Mayun shekarar. Hukumomin gwamnati suka fi shafa, amma mu nawa muka taɓa rubuta wa ofishin magajin gari muna neman lissafi?

Shawararmu ga masu riƙe da kuɗin wasu: ku ajiye littafinku na hannu da rasit ɗin kowace rana. Kada ku sa hannu a giɓin da ba ku gane ba. In an ce kai kaɗai ne, je ka tambayi na kusa da kai, sannan ka nemi amsa a rubuce. Allah ya tsare mana mutuncinmu.