Tazarar Taku Biyu: Rawar Namiji da Mace Daga Adum Zuwa Alabar

 Ga abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi na wannan mako, saboda wanda aka ɗauke wa wuta ko kasuwa ta hana shi kunna rediyo.

Maganar rawa ce, irin wadda namiji da mace ke fitowa fili su biyu. Kun fi ni sani, a Zango yau da wuya a yi biki a watse ba a yi cacar baki a kanta ba. DJ ya kira ango da amarya, ango ya kama hannunta, ƙawaye na guɗa, sai ka ga wata gwaggo ta ja mayafi ta bar wurin. Washegari a ce ai fim ne ya kawo mana wannan. To, fim ya sa hannu, babu musu. Sai dai gardamar ta girmi fim, ta ma girmi sunan Ghana.

Ku fara tuna inda Alabar take. Ka gangara Babbar Kasuwa, ka ƙetare Kejetia, ka haura Adum, tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Zangon Kumasi ya kafu sosai ne bayan Turawan Ingila sun kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Kafin nan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga, fataken goro suka bazu neman sabon masauki. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai garin ya zama mahaɗa. Fatake da mahauta da malamai da lebura suka zauna a Zango, kantunan Turawa da ofisoshi da akawunansu suka zauna a Adum. Unguwa biyu ke nan a gari ɗaya, kowace da irin darenta.

Daren akawu daga bakin teku ya zo. A Cape Coast da Sekondi da Ankara, lauyoyi da 'yan kasuwa da malaman makaranta sun ɗauki rawar Turawa ta biyu-biyu, irin su wals da tango, inda namiji ke riƙe hannun mace ɗaya, ɗaya hannun nasa kuma a bayanta. Ƙungiyar makaɗa ta Excelsior ta kafu a Ankara tun 1914 don irin wannan dare. Ana tafe ana tafe, makaɗan suka fara saka waƙoƙin titi na gida cikin kayan busar Turawa. A nan aka haifi sunan hailaif, cikin shekarun 1920.

Yadda sunan ya samo asali shi ne abin da nake so ku riƙe. Yebuah Mensah, wan shahararren makaɗi E.T. Mensah, ya shaida wa mai bincike John Collins cewa waɗanda ke tsaye a waje ne suka raɗa shi. Kuɗin shiga wajen sule bakwai da sisi ne, kuma sai da cikakkiyar shigar dare ta Turawa, har da doguwar malafa ga mai hali. Talaka sai dai ya tsaya bakin ƙofa, ya ji busa, ya hango manya na juyawa da matansu, ya ce wannan ai rayuwar sama ce. Sule bakwai da sisi kuwa gumin kwanaki ne ga mai dako a kasuwa. Ke nan tun ranar farko rawar nan tana da ƙofa, ƙofar kuma tana da mai gadi.

Kumasi ba a bar ta a baya ba. A 1928 Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, ya tafi Landan da abokansa biyu da sunan Kumasi Trio, kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙarsu "Yaa Amponsah" a faifai. Wannan hailaif ɗin jita ne, na masu shan bammi da manoman koko, ba na masu malafa ba. Garmaho ya kai shi lungu-lungu. Saboda haka ko ɗan Zango bai taɓa taka zauren rawa ba, kunnensa ya san kiɗan.

To, me Zango ke da shi nata? Nan ne nake ganin ɓangarori biyun da ke gardama a gidan biki duk suna tsallake wani abu. Mai cewa a al'adarmu namiji da mace ba su taɓa haɗuwa a filin kiɗa ba, bai tambayi kakarsa ba. Waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Gobir sun zo da dandali a kansu. 'Yan mata su yi gaɗa da tafi a farin wata. Mai kalangu ya zo, ya san taken kowace yarinya. Saurayi ya ba makaɗi kuɗi ya ce a kaɗa taken wance. Ita kuwa tana jin takenta ta fito tsakiya, tana rausaya, idonta a ƙasa. Shi ya matso, ya manna mata kwabo a goshi, ya koma da baya. Kowa a wurin ya gane wa ke son wa. Ƙannenta sun gani, labari zai riga ta isa gida.

Wannan fa rawar mutum biyu ce, ko da ba a kira ta haka ba. Bambancin shi ne tazarar taku biyu da ke tsakaninsu, kuma makaɗi ne ke ɗaukar saƙo ya ƙetare ta. Abin da hannu ke yi a zauren Adum, kalangu da liƙi ke yin sa a dandali. Ni dai a ganina wannan ta fi wuya, don duk abin da za ka faɗa sai ka faɗe shi a gaban unguwa.

Kada kuma a ɗauka dandalin ya tsira daga bakin malamai. Tun zamanin jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da mutanensa suke rubutu a kan cakuɗuwar maza da mata wurin kiɗa da biki, wato tun kafin wani Bature ya kawo wals. Goge ne ya fi shan suka, saboda an haɗa shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Abin dariya, a Zango Bahaushe na iya zama maƙwabcin Badagombe, wanda a wurinsa wannan gogen dai, da suke kira gonje, kiɗan fada ne da ake tashin sarki da shi. Kaya ɗaya, a wannan ɗaki abin kunya, a wancan ɗaki abin girma. Dagombawan ma suna da takai, rawar maza a da'ira, kowa da sandar ƙarfe, ya juya ya buga da na gabansa ya sake juyawa ya buga da na bayansa. Abokin rawa kam akwai shi, jinsi ɗaya ne kawai.

Tsakanin dandali da zaure akwai wata duniya ta uku, bariki. Kumasi ce hedikwatar rundunar sojan Gold Coast, mafi yawan ƙananan sojan daga arewa aka ɗebo su, Hausa ce kuma harshen bariki. Soja da ɗan sanda da direba da kuku sun ga yadda Bature ke rawa, sun ji badujala, aljihunsu na da ɗan albashi a ƙarshen wata. Shi ya sa har gobe in an ce wane ɗan bariki ne, ba yabo ake yi ba. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara buɗe wannan hanya: sojan Ingila da na Amurka suka cika Ankara da Takoradi da kiɗan suwin, daga cikin wannan haɗuwa ƙungiyar Tempos ta fito, wadda E.T. Mensah ya karɓi ragamarta a ƙarshen shekarun 1940. Shi ne ya ɗauki hailaif ya kai Legas, 'yan Najeriya suka kama. A Kumasi ma, ƙarshen shekarun 1950, Teddy Osei da ƙanensa Mac Tontoh suna kaɗawa a ƙungiyar Comets, tun kafin su kafa Osibisa a Landan a 1969.

Matasan arewa ba su tsaya kallo kawai ba. A ƙasar Dagomba, cikin shekarun 1930, suka ƙirƙiro simpa, wadda ta ari sunanta daga garin Winneba na bakin teku, da mutanensa ke kira Simpa. Sun ɗebo daga kiɗan kudu, suka zuba shi a fili irin na gida: samari na kiɗa, 'yan mata na rawa. An karɓi sabon sauti, an bar tazarar a inda take.

Yanzu ku zo mu duba 1957. A watan Maris, a liyafar 'yancin kai a Ankara, Kwame Nkrumah ya buɗe fili da Gimbiya Marina, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Lucille, matar mai busa Louis Armstrong, ita ta koya masa takun. Baƙin mutum riƙe da hannun gimbiyar gidan sarautar Ingila a gaban duniya, ai wannan siyasa ce tsantsa, kuma haka aka fahimce ta. A watan Nuwamban 1961 ya sake yi da Sarauniya Elizabeth kanta. Hailaif ta zama kiɗan sabuwar ƙasa, duk ɗan zamani ya iya ta.

A watan Agustan 1957 ɗin nan dai, wata biyar bayan waccan rawa, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Ahmadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan jagororin Zangon Kumasi da ke tare da 'yan adawa, zuwa Najeriya. Sun ce a ƙasar aka haife su, suka kai ƙara kotu, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe maganar. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fita. Gidaje a Alabar da Aboabo da Sabon Zango suka rabu, wasu suka nufi Kano, wasu Yamai, wasu Wagadugu, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne. Da yawa daga masu sauraronmu na ƙetare 'ya'ya da jikokin wannan tafiya ne.

Me ya haɗa wannan da rawa? Ku duba da kyau. Zauren rawa wuri ne na nuna kai: kwat da takalmi, Turanci a baki, mace 'yar makaranta a gefe. Zango kuwa ta daɗe tana ɗari-ɗari da makarantar mishan, tana tsoron a juya mata addinin yara, don haka 'ya'yanta ba su cika layin akawu ba. Ga shi kuma ana ta tuna mata cewa baƙuwa ce. Mutumin da ake tambaya takardar zama, me zai kai shi tsakiyar fili ya yi juyi? Addini na cikin dalilin da ya sa Zango ta tsaya nesa, wannan gaskiya ne. Amma in muka ce addini ne kaɗai, mun wanke mai gadin ƙofar.

Zauren ma bai dawwama ba. Dokar hana fitar dare ta zamanin Rawlings, daga 1982 zuwa 1984, ta kashe kasuwar makaɗa, da yawa suka bar ƙasar, wasu suka koma coci. Da dare ya dawo, masu juya faifai ne suka gaje shi, kakannin DJ ɗin da ke kiran ango da amarya yau.

Sai fim, wanda aka ɗora wa laifin duka. 'Yan kasuwar Indiya da Kwarori ne suka riƙe gidajen silima, finafinan Indiya kuma suka sami gindin zama a zangunan Ghana kamar yadda suka samu a Kano. Me ya sa? Saurayi da budurwa na waƙa suna zagaya bishiya, ana kusantar juna ana kaucewa, iyaye na tsaye a kan maganar aure. Ai dandali ne da launi. Finafinan Kano suka ɗauki salon, kaset ɗinsu ya cika Alabar. Can ma rigimar ba ta wuce kan taku biyun nan ba. Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda taɓa juna a bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ. Rawa da waƙa an daɗe ana yin su a fim, abin da ya tada ƙura shi ne taɓawar.

Yau a Ankara da Kumasi akwai wuraren da matasa ke biyan kuɗi su koyi salsa da kizomba don nishaɗi kawai, ba don neman aure ba. A bikin Zango kuwa, wanda ko Tonawa suna kiransa awure, za ka ga zaure da dandali a fili ɗaya. Ango ya riƙe hannun amarya minti biyu, irin na Adum. Daga nan 'yan'uwa su yi musu zobe, sidi ya fara sauka a goshi, DJ na kiran sunan dangi ɗaya bayan ɗaya, aikin da mai kalangu ke yi a da. Gwaggon da ta fita ɗazu, sau da yawa a nan take dawowa da kuɗinta a hannu.

Mako mai zuwa za mu buɗe layi, kuma iyayenmu mata muke so mu fara ji, na Alabar da Yalwa da Aboabo, da waɗanda 1969 ta kai Maraɗi ko Kano. Hajiya, a wane fili ake yin gaɗa a unguwarku, wa ke riƙe da kalangu, kuma nawa aka fara manna miki?