Sababbin Magungunan Farfaɗiya: Yadda Suke Aiki a Ƙwaƙwalwa

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba aikin iskoki ba ce, ba a kuma ɗaukar ta ta yawu, ko da yake a Kusugu da sauran unguwannin Daura, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ba a rasa masu wannan zato. Ƙwayoyin jijiya na aika wa juna saƙo da ɗan lantarki. Idan dubbansu suka tashi gaba ɗaya babu linzami, sai ciwon ya kayar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace.

Aikin kowane magani shi ne mayar da linzamin, sai dai kowanne da inda yake kamawa. Lamotrigine na tsare ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya kunna jijiya, don kada ta yi ta harbawa a jere. Levetiracetam, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, na manne wa wani furotin mai suna SV2A a jikin 'yan jakunkunan da ke ɗauke da saƙo a bakin jijiya, sai ya rage yawan abin da suke zubarwa. Perampanel kuwa, na 2012, mai karɓar saƙon yake toshewa.

Sabo bai cika fin tsoho ƙarfi ba. Wani binciken shekara 30 a Glasgow, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna adadin waɗanda suka daina faɗuwa bai ƙaru ba duk da shigowar sababbin magunguna. Fifikonsu na wajen rage illa, musamman ga mata. Valproate na jawo nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10 idan an sha shi da juna biyu. Phenobarbital, wanda ake amfani da shi tun 1912, da carbamazepine na raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Levetiracetam ba ya raunana ta, kuma haɗarinsa ga ciki kaɗan ne, sai dai yakan sa wasu saurin fushi. Lamotrigine kuma dole a fara shi kaɗan-kaɗan saboda ƙuraje masu haɗari.

Hukumar ta sanya lamotrigine cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada a 2017, levetiracetam a 2023. Tambayar da ta kamata a yi wa gwamnatin Katsina ita ce ko ana samun su kullum a asibitocinta, kuma a kan nawa, domin yanke magani kwatsam na iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda kan yi kisa.