Daga Lambar Agana Zuwa Allurar Jarirai

Mai karatu, in ka koma gida yau, dubi damtsen kakarka. Mai yiwuwa ka ga wani ɗan tabo. Lamba ke nan, rigakafin agana.

A da, in agana ta shiga gari, kuka ya tashi. Ta kashe mutane da yawa, ta makantar da wasu, ta bar wasu da zanzana a fuska. Tsofaffin Atantane da Mayahi da Tasawa sun san wannan.

A shekarar 1967 aka soma babban yaƙi da ita a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ma'aikatan lafiya suka bi gari gari suna yi wa babba da yaro lamba. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce agana ta ƙare a duniya duka.

Amma sauran cututtukan yara ba su ƙare ba. Saboda haka tun 1974 hukumar ta kafa shirin rigakafin jarirai. Agana lamba ɗaya ta ishe ta. Waɗannan kuwa sai an yi ta komawa, domin jikin jariri a hankali yake koyon kare kansa.

Ga yadda ake zuwa likita da jariri a shekararsa ta fari:

Da haihuwa: allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna a baki.

Sati 6, da sati 10, da sati 14: allura mai maganin cuta biyar, cikinsu har da tarin shiƙa, da ƙarin ɗigon shan inna.

Wata 9: allurar ƙyanda da ta shawara.

Zuwa biyar ke nan. Na ƙarshen shi ne mai saurin mantuwa, don yaro ya yi ƙwari, uwa kuma aiki ya yi mata yawa. Ƙyanda kuwa har yanzu tana kashe yara.

Kai manomi ne. Ka taɓa ganin wanda ya yi shuka, ya ƙi noma da maimai, ya cika rumbu?

Yanzu ka iya karatu. Ɗauko katin jaririnku, ka karanta ranar komawa, ka gaya wa uwarsa. In hanya da nisa, ɗaura amalanke ka kai su. In ranar ta wuce, ku tafi hakanan, za a ci gaba daga inda aka tsaya.