Keke a Jos: Daga Barikin Kuza Zuwa Ranar Gangami

Kowace ranar 3 ga Yuni, tun daga 2018 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ta a matsayin Ranar Keke ta Duniya, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kan fito kan kekuna a biranen Najeriya, suna kira ga ma'aikata da ɗalibai su rungumi keke. Dattijon Bukuru da ya ji wannan kira sai dai ya murmusa. A zamaninsa ba a taɓa roƙon kowa ya hau keke ba. Sai dai mutum ya roƙi mai keke ya ba shi ɗani.

Kuza ce ta gina Jos, ita ce kuma ta buɗe wa keke kasuwa a can. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso tsaunin Jos a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo baya a 1927, jama'a kuma suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Bauchi, Borno da Kudu. To amma ramukan haƙa ba wuri ɗaya suke ba. Sun warwatsu daga Naraguta zuwa Bukuru, Sabon Gidan Kanar har Barikin Ladi. Lebura ƙafarsa ce motarsa. Wanda ya ɗan samu, kamar malamin ofis, helima, masinja ko ɗan kasuwa mai kai kaya bariki ranar biya, shi ke sayen keke.

Kuma ba kowane keke ba. Raleigh ɗan Ingila shi ne sarki, daga baya har aka kafa masa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Mai sabon keke kan bar takardar kamfani a jikin ƙarfen wata da watanni, ya ƙara madubi da ƙararrawa, ya yi wa sirdi riga. Hukuma ma ta san darajarsa, shi ya sa ta ɗora masa lasin. A bakin kasuwa ga mai faci da famfonsa da kwanon ruwan gwada tayar da ta sace. A unguwa ga mai hayar keke, inda yara ke koyon hawa da 'yan kwabbansu, su koma gida gwiwa a goge.

Garin ma ya dace da abin. Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska na da sanyi, mutum zai iya tuƙawa daga Bukuru zuwa Terminus bai jiƙe da gumi ba. Hawa da gangara ne kawai ke gwada ƙwanji, sai kuma hunturun Disamba da ke daskarar da yatsu a kan birki.

Abin da ya kayar da keke kuɗi ne. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya mayar da ma'aikata kan babur da mota, kuza kuma ta yi ta ja da baya har kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985. Sannu a hankali keke ya koma abin hawan mai gadi da manomi da mai tallan burodi. Acaɓa ta cike giɓin, ta mamaye tituna har gwamnatin Jonah Jang ta haramta ta a Jos da Bukuru. Abin dariyar shi ne, mai ƙafa uku da ya gaje ta ya ƙwace har sunan: yau in ka ce wa yaro a Farin Gada ya nemo maka keke, Keke Napep zai tsayar.

Yunƙurin dawo da keke ya fara da ƙafar hagu. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya riƙa zuwa aiki a kan keke a Abuja don ya zama abin koyi, sai wata bas ta tura shi kwata, 'yan jarida suka samu abin yi. Aka yi dariya, aka manta da tambayar da haɗarin ya tayar: ina mai keke zai bi? A Bogota ta Kolombiya tun 1974 ake rufe wa motoci wasu tituna don masu keke, Kigali ma ta ɗauki irin wannan tsari a 2016. A Najeriya kuwa gangamin ranar keke kan tsaya a riga da hula da hoto, washegari ofis a cikin mota.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya yi abin da wa'azi ya kasa: kuɗin mota ya ninka, wasu suka kakkaɓe kekunan da ke jingine a zaure. Sai dai uban da zai saki ɗansa ya tuƙa zuwa makaranta ta hanyar Bauchi, tsakanin tirela da Napep, dole ya yi tunani sau biyu, domin ba a bar wa yaron ko taku ɗaya a gefen kwalta ba.