Hukuncin wanda ya ba da ƙwayar da ta kashe wani a dokar Amurka

A ranar 19 ga Yunin 1986, Len Bias, ɗan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Maryland mai shekara 22, ya mutu bayan ya shaƙi hodar ibilis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Mutuwar tasa ta girgiza Amurka, kuma a watan Oktoban shekarar Shugaba Ronald Reagan ya sanya hannu a kan dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi wadda ta tanadi hukunci na musamman ga wanda ƙwayarsa ta yi ajalin wani.

Abin da dokar ta tanada

A ƙarƙashin dokar tarayya, wanda ya sayar ko ya raba hodar ibilis ko hiroyin ko fentanil, sannan wani ya mutu sanadiyyar amfani da ita, zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 20 ba, yana kuma iya kaiwa rai da rai. Idan an taɓa kama shi da babban laifin ƙwaya, ɗaurin rai da rai ya zama tilas. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha yanke cewa ba sai an tabbatar da niyyar kisa ba. Ba kuma sharaɗi ba ne a karɓi kuɗi. Kyauta ma rabawa ce a idon doka.

Jihohi da dama na da nasu tanadin. A Pennsylvania hukuncin na iya kaiwa shekara 40, yayin da Florida ke lissafa laifin a cikin kisan kai mafi girma.

An ƙara komawa ga waɗannan dokoki ne bayan yaɗuwar fentanil, wadda ta ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50, ake kuma cusa ta cikin ƙwayoyin jabu ba tare da sanin mai saye ba. Daga 2021 zuwa 2023, fiye da mutum 100,000 ne ke mutuwa kowace shekara a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da ƙima.

Inda gizo ke saƙa

Babban aikin masu gabatar da ƙara shi ne tabbatar da cewa ƙwayar wanda ake tuhuma ce ta yi kisan, domin sau da yawa binciken gawa kan gano ƙwayoyi iri-iri a jinin mamaci.

Kotun Ƙolin Amurka ta warware wannan batu a watan Janairun 2014, a shari'ar Marcus Burrage, wanda ya sayar wa wani mutum hiroyin a jihar Iowa a 2010. Mamacin ya sha wasu ƙwayoyin kafin nan, kuma ƙwararrun da suka ba da shaida sun ce hiroyin ta taimaka wajen mutuwar, amma ba su iya tabbatar da cewa da bai yi amfani da ita ba zai rayu ba. Duk da haka aka ɗaure Burrage shekara 20. Kotun Ƙolin ta soke wannan hukunci, inda Mai Shari'a Antonin Scalia ya bayyana cewa taimakawa kaɗai ba ta wadatar ba. Wajibi ne a nuna cewa ba don ƙwayar ba da mutumin bai mutu ba, sai fa in ita kaɗai ma ta isa ta kashe shi.

Saboda wahalar kafa wannan hujja, shari'o'i da yawa kan ƙare da yarjejeniyar amsa ƙaramin laifi. Stephen Walter, wanda ya samar da ƙwayoyin jabu masu fentanil da suka kai ga mawaƙi Mac Miller kafin mutuwarsa a 2018, ya amsa laifin raba fentanil, aka yanke masa shekara 17 da rabi a 2022.

Muhawarar da ake yi

Masu goyon bayan dokar, ciki har da iyayen mamata, na cewa wanda ya sayar da guba da sunan magani ya cancanci hukuncin mai kisa. Masu suka kuma na cewa galibi abokan shaye-shaye da 'yan'uwa ne ke faɗawa komar, ba manyan dillalai ba, kuma tsoron ɗauri kan hana mutane kiran motar asibiti a lokacin da ake iya ceto rai.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A 2007, kotunta mafi girma a lokacin ta yanke cewa ba za a kama mai ba da ƙwaya da laifin kisa ba idan baligi mai hankali ne ya yi wa kansa allurar bisa zaɓinsa.

A Najeriya kuwa, dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta rataya hukuncin ne a kan fataucin kansa: shigo da hodar ibilis ko hiroyin ko sayar da su na jawo ɗaurin rai da rai, ko wani ya mutu ko bai mutu ba.